Ja Farkon Sanyi Ne

Sati na huɗu ke nan rana ba ta leƙo Inari ba.
Tafki ya daskare har motoci na bi ta kansa.
Na dawo hutu da madubin hangen taurari a jaka,
na kafa shi bayan maƙerar kakana Oiva,
inda ƙanƙara ta binne tulin gawayi har wuya.

Ya fito da sanda, yana tsaki.
Shekara uku rabonsa da ɗaga masaba.
Makiyayan barewar arewa da ke layi don wuƙaƙensa,
yanzu kanti suke zuwa.

Na ce, Kaka, sa idonka nan.
Wancan na jikin Ƙaramin Beyar, sunansa Kokab.
A garin nan ba ya faɗuwa,
sai dai ya yi ta kewaya tauraron arewa
kamar doki a turke.
Shekara dubu uku baya, da shi matafiya ke gane hanya,
kafin duniya ta karkata, ta ba wani kujerar.

Ya daɗe a sunkuye, numfashinsa na zama farin hayaƙi.
Ya ce, Wannan ai ya huce.

Na gyara tsayuwa, na zazzage masa lissafina:
faɗinsa ya ninka na rana sau arba'in da ɗoriya,
haskensa ya kusa na rana ɗari huɗu,
wannan ɗigon da ya faɗa ƙwayar idonka
shekara ɗari da talatin yana tafe,
tun ba a haifi uban da ya koya maka zuga ba.

Ya ɗaga hannu. Kaisla, ban tambaye ki girma ba.
Launi na gani.
Ƙarfe in ya yi fari, yana jin magana.
In ya koma rawaya, ka hanzarta.
In ya yi ja, to ja farkon sanyi ne,
ko ka mai da shi wuta, ko ka ajiye guduma.

Bakina ya mutu, don abin da littafi ya ce ke nan.
Fatarsa ba ta kai ta rana zafi ba,
dubu huɗu, inda rana ke neman shida.
Na ce makamashin tsakiya ne ya ƙare,
haidurojin ya ƙone, ya bar tokar hiliyam,
zuciya ta tsuke, ta dunƙule,
wuta ta koma ci a gefe-gefe,
jiki ya kumbura, ya yi ta kumbura,
yana haske fiye da zamanin ƙuruciya
alhali ajiya yake ci.

Ya dubi ƙafafunsa
da takalmi ya daina shiga tun faɗuwar ganye.
Bai ce komai ba.
Ni ma ban ce ba.

Can ya ce, Daga nan sai me?
Na ce zai tuɓe rigunansa ɗaya bayan ɗaya,
ya watsar da su a sarari,
ya rage ɗan farin garwashi mai girman duniyarmu,
yana hucewa a hankali, ba mai zuga shi.
Yaushe?
Da sauran miliyoyin shekaru.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
Ashe ma yaro ne, yake mana jan ido.

Kaka Marjatta ta ƙwala kira ta taga, wai kofi na sanyi.

Da agogo ya ce safiya, duhu ya ƙi yarda,
wani sauti ya tashe ni, tin, tin, sai hutu mai tsawo, tin.
Na fita da bargo a ka.
Zugazugi na nishi, awartaki ya sauko daga ƙusa,
yana riƙe da ɗan ƙarfe bai fi yatsa ba.
Bai waiwayo ba.
Ya ce, Ƙafar madubin nan naki tana rawa,
jiya duk sai tauraron ya yi ta guje mini.
Matso ki kama zugar nan,
kafin abin ya yi ja.